Binciken da Ba Ya Kama Kowa

Shekarun da garinmu ya shiga halin tsoro su ne shekarun da na fi jin daɗin aikina, kuma har yau ina jin nauyin faɗin haka a gaban mutane. Amma gaskiyar ke nan. Na dawo Potiskum daga jami'a don in ƙarasa kundin digirina na uku a gidanmu na Yerimaram, saboda mahaifinmu ya rasu, ƙannena mata duk suna ɗakunan mazajensu, Inna kuma ta rage ita kaɗai a gida da ciwon gwiwa. Farfesan da ke duba aikina bai hana ni ba. Ya ce irin aikina ba ya neman ɗakin gwaji, takarda da biro sun ishe ni, in dai zan riƙa turo masa abin da na samu.

Fannina fiziks ne, a cikin fiziks ɗin ma wani lungu da ake kira mesoskopik. In zan faɗe shi da Hausa sai in ce duniyar tsaka-tsaki. Akwai abubuwan da muke gani muna taɓawa, irin su ƙusa da tsakuwa, masu bin dokar da hankali ya saba da ita. Akwai kuma ƙwayar zarra, wadda take da tata dokar daban, ta kwantam. Aikina yana tsakani, a kan abubuwan da suka fi ƙwayar zarra girma nesa ba kusa ba, amma ba su yar da halin kwantam ba tukuna. Abin da na sa a gaba wani zoben ƙarfe ne, wanda in ka jera irinsa da yawa ba za su cika kaurin silin gashi ba. In aka sanyaya shi ƙwarai aka tura masa ƙwayar lantarki, wadda muke kira elektiron, ba ta zaɓar dama ko hagu. Ta ɓangarorin biyu take bi lokaci guda, kamar yadda ruwa ke rabuwa in ya tarar da dutse, ta je ta haɗu da kanta a mafita. In kana ƙara ƙarfin maganaɗisu a tsakiyar zoben, sai ka ga wutar da ke fitowa tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka, da tsari gwanin kyau.

Inda abin ya kama zuciyata shi ne in aka dasa ma'auni a gefen hanya ɗaya, wanda zai iya shaida cewa ta nan ta wuce. Nan take hawa da saukar nan sai su fara dusashewa, elektiron ta koma bin hanya ɗaya kamar kowa. Tambayar da nake bi ita ce, ma'aunin da ba shi da kaifi sosai, mai gani rabi-rabi, nawa zai rage daga wannan tsari, kuma yaya zafi yake shiga maganar. Ban taɓa ganin zoben da idona ba. Masu gwada shi suna wasu ƙasashe da injinan sanyinsu, ni nawa lissafi ne kawai, kuma ina son sa kamar me.

Shagon mahaifina da ke jikin zaure na mayar wurin aiki. In na dawo daga sallar asuba Inna ta aiko mini da koko, sai in ja tebur kusa da taga in fara. Daga can babban titi ina jin nishin tireloli, daga cikin gida ina jin Inna tana faɗa da kaji. In ranta ya ɓaci da gaske Hausa ba ta isarta, sai ta koma yarensu na Karai-Karai, kajin kuma da alama ita suka fi ji. Wuta takan zo ta tafi yadda ta ga dama, amma biro ba ruwansa da wuta. Akwai safiyar da zan cika shafuka in yage su duka, akwai wadda layi ɗaya zai faɗa daidai inda nake so, in tashi in yi ta zagaya shagon ina murmushi ni kaɗai. Inna ta taɓa leƙowa ta tarar da ni a haka, ta tsaya ta kalle ni, ta ce Allah ya shirya, ta koma.

Da yamma kuwa akwai ciyayya. Tun ina yaro magidantan layinmu suke fito da abincinsu ƙofar gidanmu, a shimfiɗa tabarmi, a jera kwanuka, kowa ya sa hannu a na kowa. Da can bayan isha ake yi. Da dokar hana fita ta zo, sai aka dawo da ita kafin magariba, amma ba a fasa ba. Akwai tela, akwai wani malamin firamare da ya yi ritaya, akwai direban tirela in yana gari, akwai wasu. Babban wurin shi ne Baffa, dillalin shanu, Bafulatanin da ya zauna gari tun kafin a haife ni, aminin mahaifina na ƙut da ƙut. Ranar da na fara fitowa da kwanon Inna, shi ya buga tabarma a gefensa na dama, inda mahaifina yake zama, ya ce in zauna nan. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. In ya ɗanɗana miyarmu sai ya ce, "Innarka ya iya kuka, amma ya ji tsoron gishiri," a yi dariya, ya kuma cinye rabin kwanon.

A wurin nan ake sauke abin da aka ɗauko da rana. Tela ya yi ƙorafin shingen bincike da aka kafa a bakin layi, inda ake sa mutum ya sauka daga keke napep ya ɗaga hannu yana tafiya. Direba ya ba da labarin hanya. A yi gardamar farashin gero, a yi tsiyar wanda matarsa ta ƙona tuwo. Waɗancan mutanen kuwa, masu kawo hari, ba a kiran sunansu, sai dai a ce yaran nan, a rage murya, a wuce. Ni ba mai yawan magana ba ne, sauraro na fi so. Bayan wuni guda ina fama da alamomin lissafi, surutun nan ya fi mini naman miya daɗi.

Sai aka katse layin waya a jihar baki ɗaya. Mai son kira dole ya hau mota ya bi hanyar Azare har ya tsallake iyakar jihar, inda waya take kamawa. Ni kuma dole in tura wa farfesa aiki, in karɓi gyara, in sauke takardun da wasu suka wallafa. Don haka duk mako sai in saɓa baƙar jakata mai kwamfuta in fita da safe, in dawo da la'asar. Ban taɓa tunanin yadda wannan fita take a idon mai zaune a bakin layi ba.

Inna tana alfahari da ni, ko da yake ko za a yanka ta ba za ta faɗa a gabana ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, "kai" kawai take ce mini. Amma in mata suka shigo gaisuwa suka tambayi aikin da ɗanta yake yi da ba ya fita ofis, sai ta gyara zama ta ce bincike yake yi. Ni na ba ta kalmar da bakina, don ita muke amfani da ita a jami'a, ita ce a kan takardunmu, ita ake faɗa a rediyo in an ce masana sun gano wani abu. In aka ce binciken me, sai ta ce ita ma ba ta sani ba, abin ba ya ganuwa, shi ma ba ya son a dame shi da tambaya. In aka ce wa ya sa shi, sai ta ce gwamnati mana, ai ita ta tura shi. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, domin tallafin karatu nake ci. Abin da ni da ita muka manta shi ne kalmar ta sauya gida a garinmu. A shekarun nan bincike shi ne a tare ka a hanya a zazzage maka jaka, ko a shigo unguwa da sassafe a fito da maza a zaunar da su a rana. Mai yi wa gwamnati bincike a ɓoye kuwa, mai fita da baƙar jaka duk mako, sunansa ɗaya ne.

Ban lura da wuri ba, don kaina yana cikin zobe. Na dai ga hirar ciyayya ta fara gajarta. In na fito da kwano sai in tarar ana magana, kafin in zauna an koma zancen zafin gari. Tela ya daina zagin shinge, har ranar nan na ji shi yana cewa ai jami'an nan suna ƙoƙari, Allah ya ƙara musu lafiya, mutumin da jiya-jiya yake musu fatan ciwon ciki. Direba ya daina fitowa. Hannuwa suka daina shiga kwanonmu, in ban da na Baffa, shi ma ya daina tsiyar gishiri. Na ɗauka halin da ake ciki ne ya kashe wa kowa jiki, na mayar da ragowar tuwo gida, Inna ta yi ta mita wai miyarta ta fara tsufa.

Maƙwabciyarmu ce ta faɗa mini. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filato, Kirista, ta daɗe a gidan haya na jikin namu, kowa Madam yake ce mata, ita take duba wa Inna gwiwa. Wata safiya ta fito daga wajen Inna, maimakon ta wuce sai ta tsaya a ƙofar shagona, ta waiga zaure, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri fa, ni ba na iya ɓoye magana. Mutane suna cewa kai ɗan farin kaya ne. Wai kana rubuta sunan mutane, kana kaiwa." Na yi dariya, don abin dariya na ɗauke shi. Ita ba ta yi ba. Ta ce maganar ta wuce layinmu, a kasuwa ta ji ta, kuma na san abin da yaran nan suke yi wa wanda aka laƙa wa wannan suna, ba sa tsayawa tambaya.

Da ta tafi sai haushi ya zo mini. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, amma ɓacin ran ya fi. Mutanen da suka ga tasowata, waɗanda na yi wa aike ina da gajeren wando, su ne suke auna maganarsu a gabana. Na zauna ina kallon shafin da ke kan tebur, wanda duk lissafinsa a kan abin da sa ido yake ɓatawa ne, na ga mutane ma sun fi elektiron saurin tsorata. Ita sai ma'aunin ya kasance na gaske take sauya hali. Su kuwa zato kawai ya ishe su.

Na shiga wajen Inna na faɗa mata. Da farko gardama ta yi, ta ce to me za ta ce, ba ni na ce mata bincike ba? Na ce ta ce nazari. Ta ce nazari na malaman zaure ne masu manyan littattafai, ita ba za ta yi wa Allah ƙarya ba. Na ce to ta ce lissafi. Ta gwada wannan, ta gaya wa wata mata lissafi nake yi a kan abin da ido ba ya gani, washegari matar ta turo a tambaye ni ko ina duba, tunkiyarta ta ɓata. Muka yi dariya har Inna ta riƙe gwiwa, amma da dariyar ta ƙare sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce in koma jami'a. Ta ce ita bakinta ya jawo, kuma ta fi son ta ji ina can da rai da ta riƙa ganina a nan tana ƙirga motsin ƙofa.

Na ce ba inda za ni. Wa zai kai ta asibiti, wa zai je ƙauyen Danchuwa karɓo geron gonarmu? Ban da haka ma, in na ɓace rana ɗaya ai na tabbatar musu da zancen, ita kuma ta zama uwar ɗan leƙen asiri a unguwar da za ta ci gaba da kwana. Ta yi mini faɗa da Karai-Karai kamar ni kaza ne. Na ci gaba da fitowa ciyayya don taurin kai, ina zama a gurbin mahaifina, ana cin abinci shiru kamar gidan makoki. Na so in tashi in yi bayani, amma na san duk wanda ya miƙe ya ce shi ba ɗan leƙen asiri ba ne ya ƙara wa kansa. Aikin ma ya tsaya, in kalli takarda in kasa haɗa layi biyu.

Ana nan, wata safiya da zan fita hanyar Azare sai na tarar da Baffa a bakin layi da sandarsa da wani buhu ɗaure a gefe. Ya ce shi ma zai je ya kira masu sayen shanunsa na Kudu, mu tafi tare. Na ɗaukar masa buhun har tasha. A mota carbi kawai ya yi ta ja. Muka sauka a kowane shinge, muka ɗaga hannu, muka koma. Da muka tsallake iyaka muka sauka a gindin wata tsamiya inda mutane suke taruwa, kowa da waya a kunne, wani yana kuka, wani yana ihun ana ji na, masu shayi da masu rake har sun mayar da wurin kasuwa. Baffa bai ciro wayarsa ba. Ya shimfiɗa buzunsa dab da ni ya zauna yana kallon kwamfutar.

Na tura aikin, ba a jima ba farfesa ya kira. Saboda ƙarar motoci sai na buɗe muryar wayar. Shi mutum ne da ba ya ɓata lokaci a gaisuwa, kuma in zai yi faɗa da Hausa yake yi. Ya ce ya duba abin da na turo wancan makon, hanya ta yi kyau, amma na bar biyu a baya. Ya ce in koma in nemo su tun daga inda suka ɓace mini, kada in sake turo masa rahoto sai da su. Na ce to, ranka ya daɗe. Da na kashe wayar na juyo, sai na ga fuskar Baffa ta sauya, ya daina jan carbin.

Ya ce, "Su waye biyun?"

Ban gane ba da farko. Ya sake tambaya, a hankali, ko 'yan layinmu ne. Sannan ya ɗora hannu a kan buhun ya ce, "Ubanka ya bar mini amanarka. Kayanka ne a nan, Innarka ya haɗa. In abin da ake faɗa gaskiya ne, ba zan tona ka ba, amma yau ba za ka koma gari ba. Daga nan ka wuce."

Na kalli buhun da na saɓo da kafaɗata tun daga bakin layi. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na juyo masa da kwamfutar na nuna masa layin, na ce Baffa, biyun nan lamba ce, biyu ta ƙirga, wadda ke bin ɗaya. Elektiron iri biyu take juyi, ni kuma na lissafa iri ɗaya na manta ban ninka ba. Ya ce wane ne shi alaktiron ɗin, a ina yake zaune. Na ɗauki tsinke na zana masa zobe a ƙasa, da ƙofar shiga da ta fita. Na yi masa bayanin hanya biyu, da yadda take bin su duka, da yadda in an sa mata ido take fasawa. Ban taɓa yin bayani da zuciyata gaba ɗaya kamar na ranar nan ba, har a gaban masu jarraba ni daga baya.

Ya saurara har na gama, sannan ya fara tambaya irin ta mai duba saniya kafin ciniki. Shi wannan abu dabba ne ko tsiro? Na ce ba ko ɗaya. Na taɓa ganinsa? Na ce a'a. Zoben yana ina? Na ce yana ƙasashen Turawa, ni a takarda nake da shi. Ana sa shi a hannu? A'a. Yana maganin wani ciwo? A'a. In na gano abin da nake nema, wa za a kama? Na ce babu. To gwamnati me za ta yi da shi? Nan na tsaya, don tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ke nan mu masu wannan fanni, kuma mun saba ƙawata amsarta. Na ga yau ba ranar ƙawa ba ce. Na ce wataƙila wata rana a yi wasu ƙananan na'urori da irin wannan sani, wataƙila kuma har mu mutu ba a yi komai da shi ba. Ni dai so nake in sani.

Ya kalli zanen da ke ƙasa, ya kalle ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, har masu waya suka riƙa juyowa. Da ya samu numfashi ya share ido da gefen riga ya ce, "Ashe duk shekarun nan zaman banza kake yi da ilimi." Na ce haka ne, Baffa. Ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita, sannan ya tashi ya sayo mana rake. Bai kira ko mutum ɗaya a Kudu ba har muka hau mota.

Mun shigo gari da sauran rana. Da muka yi sallama a tsakar gida, Inna tana zaune a bakin murhu, ta ɗago ta ga Baffa, ta ga buhu, sannan ta gan ni a bayansa. Baffa ya ajiye buhun a gabanta ya ce ga kayanta nan, yaron ba shi da laifin komai sai rashin aikin yi. Ta kwance bakin buhun, ga tufafina a ninke, ga kuka da daddawa da yaji a ƙulle cikin leda, har da bargon mahaifina. Ta ciro ƙullin kukar ta riƙe a hannu, ba ta kalle ni ba ta ce, "Kai, ban dafa da kai ba." Na ce ba komai, Inna.

Haka na fita ciyayya hannu rabbana, karo na farko ba kwano. An riga an jera, an yi shirun da aka saba yi in na fito. Baffa ya buga tabarma a damansa na zauna. Bai yi wani dogon sharhi ba. Ya wanke hannu, ya ce yau ya bi yaron nan har inda yake zuwa, ya ji mai gidansa da kunnensa, ya ga binciken da idonsa. Ya ce wani abu ne yake nema wanda bai ɓata ba, ba a ganinsa, ba a cinsa, ba a sayar da shi, a cikin zoben da ba ya shiga yatsa, kuma ko lissafin ma yaron bai iya ba, yau aka yi masa faɗa ya manta biyu. Ya rantse da Allah bai taɓa ganin aikin da ba shi da amfani ga kowa irin wannan ba.

Malamin firamare ne ya fara dariya, sauran suka bi. Ya ce ai da na zo wajensa, jadawalin biyu a aji biyu ake koyar da shi. Wani ya tambaya ko zoben zai yi sadaki. Aka yi ta yi da ni, ni kuwa ina zaune ina jin daɗin da ban ji ba ko ranar da aka karɓi kundina. Tun daga lokacin an yaba aikina a wurare, an kuma kushe shi, amma ba hukuncin da ya kai mini na Baffa daɗi. Maganarsa tana da nauyi a unguwa da kasuwa, kafin mako ya zagayo sunana ya koma mai zobe, har yau kuma wasu da shi suke kirana.

Ana cikin dariyar tela ya lura ba ni da kwano. Ya turo nasa gabana, tuwon masara da miyar kuɓewa. Malamin firamare ya turo nasa. Na sa hannu ina ci, sai na ji tela ya gyara murya, ya juya wajen bakin layi, ya fara ba da labarin yadda aka sa shi tsallen kwaɗo da safe a shinge saboda ya manta katinsa na shaida a aljihun wata riga. Ya zage su tas, da ƙarfi, kafaɗarsa tana gogar tawa, ya ƙare da yi musu fatan ciwon ciki.